Masanin Halayyar Ɗan Adam a Makaranta: Matsayinsa da Nauyin da ke Kansa

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami aji, a kowace ƙasa kuwa, wanda babu yaro ɗaya ko biyu a cikinsa da karatu ya ƙi shigarsu, ko kuma waɗanda halinsu ya gagari malami. Hausa ba ta rasa sunayen kiran irin waɗannan yara ba: daƙiƙi, dolo, malalaci, kangararre, gagararre. Sunayen nan ba su da wuyar faɗi, amma da zarar ɗaya ya manne wa yaro, da ƙyar yake rabuwa da shi. Malami zai daina sa rai da shi, iyaye su shiga shawarar cire shi daga makaranta, shi kansa kuma ya sakankance cewa haka aka halicce shi. Abin da ba a cika tsayawa a bincika ba shi ne dalilin da ya hana yaron koyo, alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza.

A ƙasashen da suka daɗe da tilasta wa yara shiga makaranta, musamman Amurka da ƙasashen Turai, akwai ma'aikaci na musamman wanda aikinsa shi ne binciko wannan dalili. Shi ne masanin halayyar ɗan Adam na makaranta, wanda za a riƙa kira masanin halayya a nan don taƙaitawa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ko wane ne shi, da yadda aikinsa ya samo asali, da ayyukan da yake gudanarwa, da kuma amanar da ke wuyansa. Daga ƙarshe za a duba inda aikin ya shafi masu nazarin harshen Hausa.

2.0 Wane ne Masanin Halayya na Makaranta?

Masanin halayya na makaranta mutum ne da ya haɗa fannoni biyu: ilmin halayyar ɗan Adam, watau nazarin yadda mutum yake tunani da ji da koyo da aikatawa, da kuma ilmin koyarwa. Horon da ake ba shi mai tsawo ne. A Amurka, bayan digirin farko, yakan yi kimanin shekara 3 yana karatu, a ciki har da shekara guda ta koyon aiki wadda ba ta gaza sa'a 1,200 ba. A Ingila kuwa, tun daga 2006, digirin dakta na shekara 3 ake bukata kafin mutum ya kama aikin.

Ya kamata a bambanta shi da wasu ma'aikata biyu da akan rikita su da shi. Na farko shi ne jami'in ba da shawara, wanda ya fi mai da hankali ga zaɓen darussa da sana'a da matsalolin yau da kullum na ɗalibai baki ɗaya. Na biyu shi ne likitan ƙwaƙwalwa, wanda likita ne cikakke, yana duba masu taɓin hankali, yana kuma rubuta magani. Masanin halayya ba ya rubuta magani. Fagensa shi ne aji da filin wasa da gidan yaro, kayan aikinsa kuwa su ne lura da tambaya da gwaji.

3.0 Asalin Aikin

Tilasta ilmi ne ya haifi wannan aiki. Muddin makaranta ta 'ya'yan masu hali ce, yaron da ya kasa sai ya koma gida, babu mai tambaya. Amma da doka ta ce kowane yaro ya zo, sai ajujuwa suka cika da yara iri-iri, malamai kuma suka rasa yadda za su yi da waɗanda suka kasa bin sahu.

A shekarar 1896 Lightner Witmer ya buɗe ɗakin duba matsalolin koyo na farko a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Daga cikin waɗanda aka fara kai masa akwai wani yaro ɗan shekara 14 wanda ya kasa haɗa baƙaƙen kalmomi daidai. Da Witmer ya bincika, sai ya tarar yaron yana da lalurar ido. Bayan an yi maganin idon, sai kuma aka shirya masa koyarwa ta musamman, domin ya cike giɓin shekarun da ya yi bai gani sosai ba. Wannan tsari na fara binciko dalili, sa'an nan a tsara taimako, shi ne ginshiƙin aikin har yau.

A Faransa, inda dokar 1882 ta wajabta karatu ga yara 'yan shekara 6 zuwa 13, gwamnati ta kafa kwamiti a 1904 don duba lamarin yaran da ba sa amfana da koyarwar aji. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwaji mai ɗauke da ayyuka 30, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, domin a gane yaron da ke bukatar ƙarin taimako. Binet da kansa ya yi gargaɗi cewa kada a ɗauki sakamakon gwajin a matsayin wani abu kafaffe da ba ya canzawa, domin a ganinsa tarbiyya da horo suna iya ƙara wa yaro basira. Kamar yadda za a gani a gaba, ba kowa ne ya ji wannan gargaɗi ba.

A 1913 hukumar birnin Landan ta ɗauki Cyril Burt aiki don ya riƙa duba yaran makarantunta. A 1915 kuma jihar Connecticut ta Amurka ta naɗa Arnold Gesell, wanda shi ne ake ɗauka mutum na farko a ƙasar da ya riƙe muƙami mai wannan suna. Masu aikin a Amurka sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1969, sai kuma dokar 1975 wadda ta ba kowane yaro mai naƙasa haƙƙin samun ilmi kyauta a makarantun gwamnati, ta kuma shar'anta a yi masa cikakken bincike kafin a sauya masa aji. Wannan doka ce ta sa yawan ma'aikatan ya ƙaru ƙwarai a ƙasar.

4.0 Ayyukan Masanin Halayya

4.1 Binciken Matsalar Yaro

Wannan shi ne aikin da aka fi saninsa da shi. Idan malami ko iyaye suka kawo kukan yaro, masanin halayya ba ya fara ɗauko takardar gwaji. Yakan fara da kawar da dalilan da ke kusa: shin yaron yana gani, yana ji? Yana karya kumallo kafin ya fito? Yana samun barci? Kwana nawa ya yi fashi a zangon da ya wuce? Yana fahimtar harshen da ake koyar da shi? Akwai rashin lafiya irin su farfaɗiya ko ciwon kunne? An yi rasuwa ko rabuwar aure a gidansu? Sau da yawa amsar tana nan, ba a kai ga ƙwaƙwalwa ba.

Daga nan sai ya shiga aji ya zauna a gefe yana lura da yaron, ya duba littattafansa, ya gana da iyayensa da malamansa, ya kuma yi hira da shi kansa yaron. Bayan wannan ne gwaji ke shigowa, in akwai bukata. Fitattun gwaje-gwajen basira, irin wanda David Wechsler ya fitar don yara a 1949 aka kuma yi ta sabunta shi, an tsara su ne yadda maki 100 zai zama matsakaici, kuma kimanin yara 2 cikin 100 ne ke faɗuwa ƙasa da maki 70. Duk da haka, ƙa'idar aikin ta hana a yanke wa yaro hukuncin raunin basira da maki kaɗai. Dole ne a duba yadda yake tafiyar da rayuwarsa: ko yana iya kula da jikinsa, ko ana aikensa ya dawo da saƙo daidai, ko yana iya zama da tsaransa. Yaron da ke riƙe wa mahaifiyarsa ciniki, yana ba da canji ba kuskure, amma ya kasa lissafin allo, matsalarsa tana wani wuri dabam.

Ta wannan hanya ce ake rarrabe abubuwan da a ido suke kama da juna. Akwai yaro mai kaifin basira wanda ke da lalurar karatu kaɗai, watau wahalar danganta baƙi da sautinsa. Akwai wanda ba ya iya tsai da hankalinsa wuri ɗaya. Akwai wanda tsoro ko baƙin ciki ya rufe masa baki. Akwai ma wanda darasin ya yi masa sauƙi ƙwarai har ya gundura ya koma tsokana. Kowannensu da irin taimakon da ya dace da shi, amma a bakin jama'a suna ɗaya ake kiransu da shi.

4.2 Shawara da Malamai da Iyaye

Masanin halayya yakan ga yaro na sa'o'i kaɗan ne, malami kuwa yana tare da shi kullum. Saboda haka babban rabo na aikin ta hannun malami da iyaye yake biyowa. A ɗauka, alal misali, akwai yaron da kullum yake ta da fitina, malami kuma yana korarsa waje. Masanin halayya zai roƙi malamin ya riƙa rubuta abu uku na tsawon mako ɗaya ko biyu: abin da ya faru kafin fitinar, da ita fitinar, da abin da ya biyo bayanta. Idan aka tarar fitinar ba ta tashi sai an zo karatu a bayyane, to, an gane cewa yaron gudun kunyar tuntuɓe a gaban tsaransa yake yi, korar da ake yi masa kuma ita ce ainihin abin da yake nema. Malamin, ba da saninsa ba, yana saka wa laifin da lada. Maganin a nan shi ne a koya wa yaron karatu a keɓe, a daina tsai da shi gaban aji har sai ya sami ƙarfin gwiwa, a kuma yaba masa duk lokacin da ya zauna lafiya.

Haka nan yakan zauna da iyaye ya bayyana musu sakamakon bincike da harshen da za su gane, ba tare da ya firgita su ko ya ɓoye musu gaskiya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: shirin da aka tsara a makaranta ba ya tasiri idan gida yana warware shi.

4.3 Taimakon Yaro Kai Tsaye

Wani lokaci yakan zauna da yaro shi kaɗai, ko da 'yan ƙalilan a rukuni, yana koya musu yadda za su danne fushi, ko su shawo kan fargabar jarrabawa, ko su jure rashin wani nasu. Muhimmancin wannan ya fito fili idan aka tuna da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kusan rabin cututtukan da suka shafi tunani suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Idan abin ya fi ƙarfinsa, wajibinsa ne ya miƙa yaron ga likita, ya kuma ci gaba da bibiya.

4.4 Rigakafi da Lokacin Tashin Hankali

An daɗe ana sukar tsarin jiran yaro ya faɗi warwas kafin a waiwaye shi. Don haka aka fito da tsari mai hawa uku, wanda gyaran dokar Amurka na 2004 ya ba makarantu damar amfani da shi. A hawa na farko ana inganta koyarwa ga dukkan yara, ana kuma auna su lokaci-lokaci. Waɗanda suka fara ja baya sai a ba su ƙarin darasi a ƙananan rukuni, shi ne hawa na biyu. 'Yan kaɗan da wannan bai wadatar ba su ake kaiwa hawa na uku, inda ake tsara wa kowane yaro nasa shirin. Masanin halayya ne yake taimaka wa shugaban makaranta wajen tsara wannan da karanta sakamakonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Har ila yau, idan bala'i ya auka wa makaranta, kamar mutuwar ɗalibi ko gobara ko hari, shi ne yake shirya yadda za a sanar da yara, da yadda za a gane waɗanda firgicin bai sake su ba bayan makonni sun shuɗe.

5.0 Amanar da ke Wuyansa

Rahoton masanin halayya takarda ce mai iya sauya rayuwar yaro baki ɗaya, tarihi kuma ya nuna irin ɓarnar da ke biyo bayan sakaci da ita. A 1970 aka shigar da ƙara a jihar Kalifoniya a madadin yara 9 'yan asalin Meziko, waɗanda Sifaniyanci ake yi a gidajensu. An gwada basirarsu da Ingilishi, aka zuba su a ajin masu raunin basira. Da aka sake gwada su da harshensu, sai makin mafi yawansu ya haura iyakar da aka gindaya. Shari'ar, wadda aka fi sani da sunan Diana, ta ƙare da yarjejeniyar cewa a riƙa gwada yaro da harshensa na gida. A 1979 kuma, a shari'ar Larry P., wata kotun tarayya ta hana makarantun jihar amfani da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata irin waɗannan ajujuwa, saboda yawansu a ciki ya zarce kima. A Ingila ma, a 1971, Bernard Coard, wani malami ɗan asalin Grenada, ya wallafa ɗan littafi yana nuna yadda ake cika makarantun masu raunin basira da 'ya'yan baƙi daga tsibiran Karebiyan.

Darasin da ke cikin waɗannan shi ne cewa gwaji ba ya auna basira tsirara. Yana auna ta ne ta cikin harshe da al'ada da irin abin da yaro ya saba gani. Saboda haka ƙa'idojin aikin suka ɗora wa masanin halayya sharuɗɗa. Kada ya gwada yaro sai da yardar iyayensa. Kada ya yi amfani da ma'aunin da ba a daidaita shi da irin yaran da yake gwadawa ba. Kada ya dogara da hujja ɗaya. Ya riƙa sake duba hukuncinsa bayan wani lokaci, domin yaro girma yake yi. Ya tsare sirrin yaro, ya kuma gaya masa tun farko cewa sirrin yana da iyaka: idan rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa, dole ne a sanar da waɗanda za su kare shi.

Akwai kuma wani nauyi mai wuyar ɗauka. Hukumar makaranta ce take biyansa albashi, wani lokaci kuma abin da take so shi ne takardar da za ta raba ta da yaro mai wahalarwa. A irin wannan hali ƙa'idar aikin ta fifita maslahar yaro a kan jin daɗin hukuma. Yawan aiki ma yana iya kai shi ga gaggawa. Ƙungiyar masu aikin a Amurka, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba da shawarar ma'aikaci 1 ga ɗalibai 500, domin idan adadin ya zarce haka da yawa, aikin yakan koma cika takardu kawai.

6.0 Inda Aikin ya Shafi Masu Nazarin Hausa

A Nijeriya abin da ya fi kafuwa shi ne aikin ba da shawara. Akan danganta farkonsa da 1959, lokacin da malaman kwalejin St. Theresa ta Ibadan suka gayyato masu sana'o'i daban-daban don su yi wa ɗalibai masu fita bayani. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta biyo bayan shirin ilmin firamare ga kowa na 1976, ta tanadi a sa jami'an ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Bukatar masu binciken matsalar koyo da masu kula da firgici kuwa a fili take, musamman idan aka tuna ɗaliban da aka sace a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, waɗanda komawarsu aji ta fi ƙarfin buɗe ƙofar makaranta kawai.

Sai dai duk wanda zai yi wannan aiki a tsakanin yara Hausawa zai ci karo da matsalar da shari'ar Diana ta tono. Fassara gwaji daga Ingilishi ba ta wadatarwa. Kalmar da ke da wuya a wancan harshe tana iya zama ta yau da kullum a Hausa, sai jerin sauƙi da wuya ya rikice. Ga kuma misali daga lissafi. Akwai gwajin da ake karanta wa yaro jerin lambobi ya maimaita, don a auna ƙarfin riƙewarsa. A 1980 Ellis da Hennelly suka nuna cewa masu jin Ingilishi da harshen Wales sun fi riƙe lambobi da yawa da Ingilishi, saboda sunayen lambobin Wales sun fi ɗaukar lokaci wajen furtawa. To, a Ingilishi sunayen lambobi daga 1 zuwa 9 duk gaɓa ɗaya ne, ban da na 7. A Hausa kuwa ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas da tara duk gaɓa biyu-biyu ne. Wanda ya auna ɗan Bahaushe da Hausa, ya kwatanta makinsa da ma'aunin yaran Landan, yana iya tauye shi ba tare da ya sani ba.

Haka abin yake ga gwajin karatu. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka yaro yakan dogara da jimla kafin ya san ko gari na zama ake nufi ko gari na tuwo. Baƙaƙen b da d da ɓ da ɗ sun yi kama da juna a ido. Yaron da ya fara da makarantar allo ya saba bin rubutu daga dama zuwa hagu. Ɗan Sakkwato da ya ce shina a maimakon yana bai yi kuskure ba, karin harshensa ya yi. Sa'an nan ga al'ada: yaron da ya sunkuyar da kai, ya ƙi haɗa ido da babba, ya taƙaita amsa, ladabi da kunya yake nunawa, alhali littafin gwajin da aka rubuta a wata ƙasa yana iya lissafa wannan cikin alamun lalura.

Duk waɗannan abubuwa ne da masanin halayya ba zai iya warwarewa shi kaɗai ba. Yana bukatar wanda ya san tsarin sautin Hausa da kare-karenta, wanda zai tattara kalmomin da yara ke amfani da su a kowace shekara ta girmansu, ya jera matanin karatu daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya kuma samar da kalmomin bayyana lalurorin koyo ga iyaye, waɗanda ba su ɗauke da zagi ko izgili.

7.0 Kammalawa

An ga cewa aikin masanin halayya ya taso ne daga bukatar gane dalilin da ya sa wasu yara ke kasawa, kuma ya ƙunshi bincike, da shawara, da taimako kai tsaye, da rigakafi. An kuma ga cewa ma'aunin da aka ƙirƙira don ceton yaro ya taɓa zama sanadin tauye shi, a duk inda aka yi watsi da harshensa da al'adarsa. Ingancin aikin, ke nan, ya rataya ne a kan haƙurin bincike kafin yanke hukunci, da kuma dacewar ma'auni da wanda ake aunawa. Samar da irin wannan ma'auni ga yaran da Hausa ce harshensu aiki ne da ke jiran haɗin gwiwar sassan nazarin Hausa da na ilmi da na halayyar ɗan Adam a jami'o'i, fage ne kuma mai faɗi ga ɗalibin da ke neman batun da zai rubuta kundinsa a kai.